Keke a Burtali: Daga Tasawa Zuwa Mayahi

Wanda ya saba bin kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Damagaram zai ce ya san Tasawa. Ya san tasha, ya san masu kilishi da ke tarar fasinja tun mota ba ta gama tsayawa ba, ya san layin masu fetur a kwalba. Amma ƙasar Tasawa tana bayan wannan duka, kudu da arewa da titi, inda babbar mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Can na so in gani, kuma na so in gan ta da tafiyar da ba ta fi ta mutanen wurin sauri ba. Shi ya sa na sauka garin da kekena bayan an gama girbi, lokacin da sanyin hunturu ya fara kama yatsu da asuba, da niyyar in bi hanyoyin ƙauye har Mayahi.

Keken ba irin na 'yan tsere ba ne. Baƙin Phoenix ne mai kariya a baya, irin wanda malaman makaranta da masu tallan burodi suka hau shekara da shekaru, ba giya, ba komai sai sarƙa da birki da ƙararrawa. Kafin in bar gari na kai shi wurin wani mai gyara da ke zaune a inuwar dogonyaro kusa da kasuwa, dattijo mai furfura a gemu, da kwanon ruwa a gabansa na neman huji. Da ya ji inda zan bi sai ya ce, "Malam, in daji za ka shiga, ba nisa za ka ji wa tsoro ba, ƙaya za ka ji wa." Ya cire tayoyin biyu, ya tsaga wani tsohon tib a tsaye, ya shimfiɗa shi cikin kowace taya kafin ya mayar da mai kyan, don ƙaya ta sami abin da za ta fara cin karo da shi. Sannan ya rage iska kaɗan. Taya mai tauri, in ji shi, nutsewa take cikin rairayi, mai ɗan laushi ita ke bajewa ta hau kansa. Ya ɗaure mini famfo da sholisho da 'yan faci a ƙarƙashin sirdi, ya karɓi dala ɗari, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. A bakin aikin ne ya gaya mini cewa tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, kwalbar fetur ta 'yan ruwa-ruwa ta yi tsada, kekunan da aka jingine a zaure suka fara fitowa neman gyara.

Tasawa tsohon zango ne na ayari. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka nan bayan ya ratso Sahara ta Azbin, daga nan ya wuce Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a Fabrairu. Da Faransawa suka zo, a Tasawa suka fara ajiye kujerar mulkin wannan yanki kafin su mayar da ita Maraɗi. Jar akuyar nan kuma da duniya ta sani da sunan Maraɗi, mai fatar da dukawan Turai ke nema, masana kiwo suna lissafa ƙasar Tasawa cikin tushenta, kuma ba sai an gaya maka ba: kowane lungu ka leƙa tana nan ɗaure da 'ya'yanta biyu.

Kafin in juya arewa sai da na yi gabas a kan kwalta zuwa Maijirgi. Tafiyar ba ta da nisa, amma ita ce mafi wuya a zuciyata cikin dukan hanyar. Mai keke a kan wannan titi ba shi da rabo. Manyan motocin fasinja masu zuwa Damagaram da Diffa suna danna maka ƙaho tun daga nesa, tirela ta wuce iskarta ta ture ka gefe, kai kuwa idonka ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba ka ganin gona, ba ka ganin itace. Abin da ya kai ni shi ne kaburbura biyu. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi, tana ƙona gari tana kashe na ciki. Ta yi karo da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, ta rusa Birnin Ƙonni a Mayu, ta iso ƙasar Tasawa da damina. Labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Laftanar-Kanar Klobb ya bi sawunsu, ya riske su a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya: Chanoine ya faɗi ranar 16, Voulet ranar 17. Sauran rundunar ta ci gaba ta kama Damagaram kafin watan ya ƙare. Yara ne suka nuna mini inda aka binne mutanen biyu. Na tsaya na daɗe, abin da ke cina shi ne makasan suna da kabari da suna da kwanan wata, amma mutanen ƙauyukan da suka hallaka, har da 'yan mata ƙanana na Koran Kalgo, ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya. Ya kamata ɗan makarantar Tasawa ya san sunayen garuruwan nan kafin ya san sunayen waɗanda suka ƙone su.

Da na dawo na bar kwalta na kama hanyar amalanke da ta yi arewa maso yamma, ƙarar injin ta mutu a bayana cikin 'yan mintoci. Daga nan sai kukan sarƙa, da kurciya, da sautin taɓarya daga wani gari da ban hango ba tukuna. Abin da za ka gamu da shi a irin wannan hanya ƙidayayye ne: amalanken shanu ɗauke da damman hatsi, jaki da jarkokin ruwa, mata da ƙwarya a ka, wani lokaci ɗan kabu-kabu guda da za ka ji tun yana bayan tudu. Kowa zai gaishe ka. "Sannu da hanya." "Yawwa, sannunku da aiki." "Ina aka nufa?" In ka ce Mayahi, sai su dubi keken su dube ka su ce Allah ya kai ka lafiya.

Ba duwatsu a ƙasar nan, amma wanda ya ce shimfiɗaɗɗiya ce bai taka feda a cikinta ba. Tuddai ne na rairayi, tsofaffi, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take yau, daga baya ciyawa da saiwa suka kafe su. Hanya tana hawa a hankali har cinya ta ɗau zafi, ka kai ƙoli ka hango gari uku ko huɗu lokaci guda, kowanne da rumbunansa a gefe, sannan ta gangara da kai cikin kwari. Manoma sun raba ƙasar da sunanta. Jigawa ita ce mai laushi, mai daɗin noma, mai wahalar da keke. Geza ita ce mai tauri, wadda ruwa ke gudu a kanta, hauya ba ta sonta amma taya na murna da ita. A jigawa tsakiyar hanya ba ta biyuwa, kofato da tayar amalanke sun niƙe ta. Sai dai a gefe akwai wata siririyar turba da ba ta fi tafin hannu biyu ba, wadda ƙafar mutane da tayar kekunan garin suka daddaɓe. Ita ake bi. Inda ta ɓace a sauka a tura, kuma turin ba asara ba ne, don a lokacin ne ido ke samun sukunin duba abin da ke gefe.

A Turai hukumomi na kashe kuɗi su mayar da tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa hanyar keke, su hana mota shiga, mutane su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita don su hau su. A Burkina Faso ana tseren keke na ƙasa tun 1987. A nan ba wanda ya zana wa mai keke hanya, kuma ba wanda ke hawa don nishaɗi. Keke abin neman abinci ne: mai kai madara, ɗan makarantar da ke zuwa kwaleji daga ƙauye, malamin da ke zagaya gari uku, mai ɗaurin kaji a kariya. Duk da haka hanyar da suka samu ta fi wadda aka gina da kuɗi shiru.

Mafi daɗin tafiya shi ne burtali. Hanyar dabbobi ce da aka bari tsakanin gonaki, wani wuri mai faɗi har garke ya bi a baje, an kafa mata ginshiƙan siminti a gefe da gefe don kada garma ta ci ta. Waɗannan ginshiƙai ba ado ba ne. A watan Oktoba na 1991, a Toda, nan cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani. A 1993 Nijar ta kafa dokar ƙasar noma da kiwo, aka fara naɗa kwamitocin filaye, aka bi manyan burtalai ana sa musu alama. Na yi tafiya mai tsawo a bayan wani garken shanu da ke gangarowa kudu don cin karan da aka bari a gonaki, wani saurayi na gaba da sanda a kafaɗa, mata a kan jakuna da ƙoren nono. Ban buga ƙararrawa ba. Hanyarsu ce, ni baƙo ne a kanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma shi ne dalilin rubutun nan, itatuwa ne. Daga kan kowane tudu, in ka dubi nesa, sai ka rantse daji ne a gabanka, kore shar har inda ido ya tsaya. Ka gangara ka shiga, sai ka tarar ba daji ba ne, gonaki ne, kowace da iyakarta ta gamba, kowace da itatuwanta a tsaye jefi-jefi cikin kututturan hatsi. Gawo shi ne babba a cikinsu, kuma a wannan lokaci yake cikin ganyensa, don shi da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani ya yi lif ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Sai kalgo, da sabara, da aduwa, da magarya, da taramniya, da anza, can ba a rasa ba kirya ko tsamiya. Yawancinsu matasa ne, kaurinsu bai wuce cinyar mutum ba. Ba a jere suke ba, don ba dasa su aka yi ba.

Ƙayar aduwa ce ta tsayar da ni a gefen wata gona, duk da dabarar dattijon Tasawa. Ina cikin faci sai mai gonar ya iso, mutum mai kimanin shekara sittin, da gatari a kafaɗa. Muka gaisa, ya riƙe mini tayar har sholisho ya sha iska. Na ce, "Baba, iccen nan duka kai ka shuka su?" Ya yi dariya ya ce, "Wa ya shuka? Suna nan ƙasa tun kakanninmu. Mu dai mun bar kashe su ne." Ya ja ni zuwa wani kurmin kalgo da bai kai gwiwa ba, irin wanda kowa zai ɗauka ciyawa ce, ya tone rairayin gindinsa da ƙafa. Sai ga kututture mai kauri, baƙi, da tsiro fiye da goma sun fito daga jikinsa. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi uku mafi miƙewa, ya sare sauran. Ukun nan ya rage musu rassan ƙasa, yana saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ya yagi ƙyalle daga aljihu ya ɗaura wa mafi tsawon, alamar mai shi na nan. Aikin bai ɗauke shi minti biyar ba. Saiwar da ke ciyar da tsiro goma yanzu uku take ciyarwa, ga ta kuma ta riga ta yi zurfi shekaru da yawa, shi ya sa itacen ke tashi da saurin da dashe ba ya yi. Wannan shi ne sassabin zamani.

Na tambaye shi amfanin da ya gani. Bai fara da itacen girki ba, da iska ya fara. Ya ce a da, in an yi shuka da ruwan farko, iskar da ke gaban hadari sai ta kwaso rairayi ta yanke tsiron ko ta binne shi, mutum ya sake shuka har iri ya ƙare a rumbu. Yanzu itatuwa na karya ta. Sannan ganyen da ke zuba, gara ta ja shi ƙasa ya zama taki. Sannan dabbobi su kwanta a inuwa su bar kashi. Sannan 'ya'yan gawo da na kalgo, da ake tarawa a buhu a sayar wa masu kiwon tumaki. Sai a ƙarshe ya ce matansa sun daina wuni a daji neman icce.

Tarihin abin ba ɓoyayye ba ne. A zamanin dokar daji ta Faransawa ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, itace na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. A lokacin ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara don ka sare reshe. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Ga kuma malaman gona na lokacin gyaɗa suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Aka share. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, ya dawo a 1984 da yunwar da mutanen nan ke kira El Buhari, saboda a shekarar ne gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An yi ta dashe, musamman ranar 3 ga Agusta da ta zama ranar itace tun 1975, amma akuya da rani suna cinye mafi yawa.

A cikin masu dashen akwai wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa a 1983 ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani kurmi, ya duba ganyen ya gane itace ne da aka sare yake ƙoƙarin dawowa. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tsiro a gona. Da aka daina rabon, da yawa sun sare nasu, amma waɗanda suka bari sun ga bambanci, maƙwabta suka gani, abin ya bi gari gari ba tare da mota ko lasifika ba. Ɗan Saga, a gundumar Agye da ke maƙwabtaka da nan, ta yi suna da kwamitinta na tsaron itatuwa, maza da mata da makiyaya a ciki. Bayan shekaru ashirin masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasa Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Rinaudo ya karɓi lambar Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina.

Rinaudo ya cancanci yabonsa, kuma shi kansa yana cewa ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Ƙasar Hausa ta san darajar gawo tun da daɗewa, har ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimun ya sa wa mai sare shi. Amma in za a rubuta sunan wanda ya yi aikin, sunan mutum irin wannan mai gatari za a rubuta, shi da dubban irinsa da suka jure dariyar maƙwabta ana ce musu masu ƙazamar gona.

Dare ya same ni a wani ƙaramin gari. Na nemi gidan mai gari, na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka kawo fura da nono a ƙwarya, bayan isha'i ga tuwon hatsi da miyar kuka. Ba wanda ya tambaye ni takarda, sai da na ci na sha sannan mai gari ya ce, "To, baƙo, daga ina?" Hirar daren ta samari ce da suka tafi: wannan yana Kano, wancan Agadas, wani Libiya, wani Aljeriya. Bayan girbi gari kan koma na tsofaffi da mata da yara. Da asuba kukan igiya ya tashe ni. Rijiyar garin mai zurfi ce ƙwarai, sa ne ke jan guga, yarinya na kora shi ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki, ta juyo da shi a sake. Na cika gorata da sanin abin da kowane kurɓi ya ci.

Wajen Kanambakashe ƙasa ta fara sauka, launinta ya sauya daga ja zuwa toka-toka, sai ga goriba. Na shigo Gulbin Kaba. Sunan gulbi ne, amma ba ruwa ke gudu a cikinsa ba. Tsohon kwari ne da ya taso daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar, ya yi baka ta Tasawa da Mayahi, ya juya yamma ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ruwansa yana ƙarƙashin ƙasa, kusa fiye da na kan tudu, shi ya sa goriba ta mamaye shi. In akwai wurin da ya cancanci a kira shi daji a wannan tafiya, nan ne. Goriba ita ce 'yar'uwar dabino da ke yin rassa, gangar jiki ɗaya ta rabu biyu, kowane ya sake rabuwa, ganye a ƙoli. Inda manyan suka yi yawa, hanya na ratsa tsakaninsu a inuwa, ƙasa da ɗan tauri, keke na tafiya da kansa. Na bar feda na bi gangaren a hankali, iska na kaɗa busasshen ganye a sama da ƙara mai kama da ruwan sama a kan kwano.

Amma manyan ba su da yawa kamar yadda na zata. Mafi yawan kwarin kaba ce, gajerun kurmi da ba su wuce ƙugu ba, shimfiɗe har nesa. Kaba da goriba abu ɗaya ne, ɗaya yaro ɗaya babba. In aka sare goriba, gindin kan fito da tsiro da yawa, in aka bar tsiron zai yi gangar jiki ya yi 'ya'ya. In kuwa kullum ana yanke sabon ganyen, haka zai dawwama a ƙasa. Na tarar da mata da 'yan mata a tsugune cikinta da wuƙaƙe, suna zaro ɗanyen ganyen tsakiya tun bai buɗe ba, suna tarawa dami dami. Na gaishe da wata tsohuwa na ce, "Inna, sannu da aiki. Kabar tana nan kamar da?" Ta ce, "Ina fa, ɗana. Da nan bakin gari muke yanka. Yanzu sai mun yi tafiya, kuma ga ta gajera." Ta nuna mini tafin hannunta, duk tsagar ƙayar gefen ganye.

Ba zan ga laifinta ba. Daga kabar nan ake saƙa tabarma da igiya da faifai da mafici da malafa da takunkumin dabba. Da ita mace ke sayen gishiri da sabulu da maganin yaro a watannin da gona ba ta ba da komai. Yara na cin goriba, maƙera na son gawayin ƙodagonta, masu gini na son gangar jikinta. A shekarar yunwa, irin 2005 da ta yi wa jihar Maraɗi mugun kamu, kwarin nan ne rumbun wanda ba shi da rumbu. Matsalar ita ce kowa na ɗiba, ba mai bari. Ana tsinke 'ya'yan tun suna ɗanye don kada wani ya riga ka, saboda haka iri ba ya faɗuwa. Ana yanke ganye tun bai kai ba, saboda in ka bari na bayanka zai yanka. A farkon shekarun 2000 an yi wani shiri da ya kafa kwamitoci da wuraren tara kaba a ƙauyukan gulbin don a tsara yankan, amma abin da idona ya gani ya nuna har yanzu da sauran aiki.

Abin lura shi ne, a gefen kwarin, inda gonaki suka shigo, goriba na tashi. Manoma sun yi mata irin abin da suka yi wa kalgo: su zaɓi tsiro ɗaya ko biyu a kurmi, su hana a taɓa su, har su wuce tsayin mutum. A gona guda ka ga matasan goriba goma a tsaye, ka ƙetare iyaka zuwa filin kowa da kowa ka ga babu ko ɗaya. Wani zai ce to a raba kwarin a mayar da shi gonaki. Ban yarda ba. Kwarin nan makiyaya ce, burtali ne babba, kuma shi ne abin da ya rage wa matar da ba ta gaji ko taki ɗaya na ƙasa ba. In aka raba shi, ita da Bafulatani za a fara kora. Abin da ya kamata shi ne garuruwan da ke bakinsa su yi masa abin da Ɗan Saga ta yi wa gonakinta: a keɓe yanki a hutar da shi shekara biyu ko uku, a sa wa wasu tsirrai alama a ce waɗannan ba a taɓa su, a sa masu yankan kansu cikin masu tsaro, sarakunan Kanambakashe da Mayahi da magadan gari su tsaya a bayan hukuncin. Mutanen da suka dawo da itatuwa miliyoyi a gonakinsu ba wannan ne zai gagare su ba.

Na shiga Mayahi ranar kasuwa, cikin jerin amalanke da jakuna da kekuna, kowa da kayansa. Akwai kwalta daga nan zuwa Cadawa, ta nan manyan motoci ke shigowa su kwashi wake da aya da dabbobi. Na jingine keken na nufi layin 'yan kaba. Damman a jibge suke sun fi tsayin mutum, ga tabarmi a naɗe, fari da masu rini ja da kore, ga igiya a murɗe. Wani dillali na zaune yana warware dami yana rabawa kashi biyu, gajeru a hagu, dogaye a dama. Na ce, "Alhaji, me ya raba su?" Ya zaro ɗaya daga dama ya auna da hannunsa, ya wuce kamu guda da kyau. Ya ce wannan daga gona ta fito, inda mai ita ke barin ta ta ƙosa kafin a yanka, kuma kuɗinta ya fi. Masu saƙa babbar tabarma ita suke fara nema, kafin azahar ta ƙare. Na hagu kuwa daga cikin gulbi take, ta igiya ce, sai yamma ake sayar da ita a yadda aka samu.